Bushewar ido bayan tiyatar leza: mafarinta da yadda ake lallaɓa ta

Wanda ya shekara ashirin yana laluben tabarau da zarar ya farka daga barci ba ya mantawa da safiyar farko bayan tiyatar leza, lokacin da ya buɗe ido ya hangi agogon bango tangaran ba tare da ya miƙa hannu ya ɗauki komai ba. Sai dai galibi wannan murna tana tafe da abokiyar tafiya wadda ba kowa ake yi wa cikakken bayaninta ba kafin ya kwanta a gadon tiyata. Bayan 'yan kwanaki sai mutum ya fara jin kamar an watsa masa yashi a ido, ko raɗaɗi irin na hayaƙin ɗanyen itace, gani kuma ya riƙa yin dishi-dishi da yamma, ya washe idan ya ƙifta ido, sannan ya sake dushewa. Wannan ita ce bushewar ido, kuma a cikin duk matsalolin da ke biyo bayan gyaran gani da leza babu wadda ta kai ta yawa. A mafi yawan mutane takan lafa cikin wata shida zuwa shekara guda, a wasu ta daɗe fiye da haka, a 'yan kaɗan kuma ta rikiɗe ta zama ciwon da ke hana su sukuni. Abin da ke raba waɗannan rukunoni, bayan ƙaddara da yanayin jikin kowa, shi ne yadda aka fahimci matsalar tun farko da kuma yadda aka bi da ita.

Hawayen da ke lulluɓe da ido a kowane lokaci haɗi ne na abubuwa uku da suke aiki tare. A can ƙasa akwai majina mai yauƙi wadda wasu ƙwayoyin halitta na farin ido suke fitarwa, ita ce ke sa hawaye ya manne a jikin ido maimakon ya zame kamar ruwa a bayan agwagwa. A tsakiya akwai ruwan kansa, mai ɗauke da gishiri da sinadaran kashe ƙwayoyin cuta, wanda ke fitowa daga wata maɓuɓɓuga da ke ƙarƙashin ƙashin gira ta wajen kunne. A sama kuma akwai siririn mai da ke hana ruwan tashi a iska, kuma wannan mai yana fitowa ne daga wasu 'yan matsatsai da suka jeru a bakin fatar ido, bayan layin gashin ido, kimanin 30 a fatar sama da kimanin 25 a ta ƙasa. Ana kiransu da sunan Heinrich Meibom, likitan Jamus da ya bayyana su a 1666. Duk ƙiftawar da mutum ya yi tana matso ɗan mai daga cikinsu ta shimfiɗa sabon hawaye. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya gaza, ido zai bushe ko da sauran biyun lafiyarsu ƙalau, shi ya sa maganin da ya yi wa wani amfani yake iya zama ɓarnar kuɗi ga wani.

Mai ba da umarni ga wannan tsari duka shi ne koniya, wato tantanin nan garau mai kama da gilashin agogo da ya rufe baƙin ido. Kaurinsa a tsakiya bai wuce rabin milimita da 'yan kai ba, amma babu wani sashe na jikin ɗan Adam da jijiyoyin ji suka yi cunkoso a cikinsa kamar nan, sun ninka na fata sau ɗaruruwa. Waɗannan jijiyoyi su ne ke jin cewa fuskar ido ta fara bushewa ko ta yi sanyi, su aika wa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci maɓuɓɓugar hawaye ta saki ruwa, ta umarci fatar ido ta ƙifta. Suna kuma fitar da sinadaran da ke ciyar da ƙwayoyin halittar fuskar koniya. A tiyatar LASIK, wadda likitan Girka Ioannis Pallikaris ya soma yi a tsibirin Kirit wajen 1990, ana yanka murfi mai faɗin kimanin milimita 9 daga saman koniya, a ɗaga shi kamar shafin littafi, a sassaƙa naman da ke ƙasa da leza, sannan a mayar da murfin. Wannan yanka yana datse kusan dukkan jijiyoyin da suka ratsa wurin, ban da na ɗan gefen da aka bari a manne. Daga nan ido ya zama kamar gidan da aka yanke wa wayar tarho: bushewa tana aukuwa, amma labarinta ba ya isa inda za a ɗauki mataki. Hawaye ya ragu, ƙiftawa ta ragu, fuskar koniya ta rasa abin da ke ciyar da ita.

Akwai wasu dalilai ƙanana da ke taimakawa. Zoben da ake kafawa a ido don ya riƙe shi yayin yanka yana danne ƙwayoyin da ke yin majinar hawaye. Siffar koniya ta canza, ta ɗan baje a tsakiya ga mai matsalar hangen nesa, don haka fatar ido ba ta shafa hawaye a kanta daidai yadda ta saba. Ga kumburin da kowace tiyata ke tayarwa, ga kuma magungunan ɗigawa da ake bayarwa a makon farko waɗanda da yawansu suke ɗauke da sinadarin hana lalacewa mai cin fuskar ido. Duk da haka jijiya ce uwar matsalar, kuma saurin tsirowarta shi ne ma'aunin saurin warkewa. Masu bincike a asibitin Mayo da ke Amurka sun bi idanun marasa lafiya da na'urar hangen ƙananan abubuwa na tsawon shekaru, suka ga cewa a watannin farko bayan LASIK jijiyoyin da ke ƙarƙashin fuskar koniya sun kusa ɓacewa baki ɗaya, kuma yawansu bai koma kusa da yadda yake ba sai wajen shekara biyar, alhali bayan PRK, wato tiyatar lezar da ba a yanka murfi a cikinta, shekara biyu ta wadatar. Jin taɓawa yakan dawo da wuri fiye da haka, cikin watanni shida zuwa goma sha biyu, kuma a wannan tsakanin ne yawancin mutane suke samun sauƙi.

Daga wannan bayani ake ciro darasin da nake ganin ya fi kowanne muhimmanci ga mai jinya. Tun da an datse jijiyar ji, abin da mutum yake ji a idonsa a watannin farko ba abin dogaro ba ne. Wani zai ce idonsa lafiya lau, ba ya jin komai, amma idan likita ya ɗiga masa ruwan rini ya haska da shuɗin haske sai a ga fuskar koniya ta yi ɗige-ɗige kamar an yayyafa mata gero. Likita Steven Wilson ya bayyana wannan yanayi a 2001, ya danganta shi da rashin jijiya. Saboda haka a watanni ukun farko ana ɗiga hawayen roba, wato maganin ɗigawa da aka haɗa don ya maye gurbin hawaye, bisa agogo ne, ko an ji bushewa ko ba a ji ba, kamar yadda manomin rani yake ba shuka ruwa a kan lokaci ba tare da ya jira ganyenta ya yi yaushi ba. Wanda ya ce zai jira sai ya ji zafi ya riga ya makara, kuma sau da yawa alamar farko da zai gani ita ce ganinsa ya daina tsayawa wuri guda, har ya fara zargin cewa tiyatar ce ba ta yi kyau ba.

Game da yawan masu fama da wannan, alƙaluman da suka fi inganci sun fito ne daga binciken da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gudanar tare da cibiyar binciken ido ta ƙasar da ma'aikatar tsaro, wanda aka buga sakamakonsa a 2017. An bi mutum 262 daga rundunar sojan ruwa da fararen hula 312. A cikin waɗanda ba su da wata alamar bushewar ido kafin tiyata, har kashi 28 cikin ɗari sun ba da rahoton alamunta bayan wata uku. A binciken guda, fiye da kashi 95 cikin ɗari sun ce sun gamsu da ganinsu, kuma waɗanda suka kasa gudanar da ayyukansu na yau da kullum saboda matsalar gani ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Dukkan alƙaluman nan gaskiya ne, kuma bai dace mai tallar tiyata ya karanto na biyu ya ɓoye na farko ba, haka nan mai tsoratarwa bai kamata ya yi akasin haka ba. Hukumar da kanta ta fitar da daftarin ƙa'ida a 2022 tana neman a riƙa ba mai neman tiyatar bayanin haɗurranta a rubuce, har da bushewar ido da ciwon da ke iya daɗewa.

Irin tiyatar da aka zaɓa yana da tasiri, ko da yake ana zuzuta shi fiye da kima. A PRK ba a yanka murfi, ana kankare fatar saman koniya ne a harba leza kai tsaye, kwanakin farko suna da zafi ƙwarai, amma jijiyoyin da ke zurfi sun tsira. A SMILE, wadda Amurka ta amince da ita a 2016, leza tana yanko ɗan faifan nama a cikin koniya a zaro shi ta wata ƙofa mai faɗin milimita 2 zuwa 4, don haka jijiyoyin da ake datsewa ba su kai na LASIK ba, bushewar watannin farko ma takan zo da sauƙi. Bayan shekara guda tazarar da ke tsakaninsu takan ragu sosai. Babu ɗaya daga cikinsu da ke ba da tabbacin cewa ido ba zai bushe ba.

Aikin rigakafi na gaske yana farawa ne makonni kafin tiyata. Babban abin da ke nuna wanda zai sha wuya bayan tiyata shi ne wanda ya shiga da busasshen ido, kuma da yawa daga masu neman leza irin waɗannan ne, domin abin da ya kore su daga gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido shi ne ya fara yi musu zafi, wanda hakan kansa alama ce ta bushewa. Mata sun fi maza shiga haɗarin, musamman bayan ɗaukewar al'ada, haka masu lambar tabarau mai girma, domin sai an sassaƙa da zurfi. Sai masu ciwon suga, da masu cututtukan da garkuwar jiki ke yaƙar jiki kamar ciwon Sjögren da wani nau'in sanyin gaɓoɓi, da masu shan maganin ƙurajen fuska isotretinoin, ko magungunan mura da ƙaiƙayi masu busar da maƙogwaro, ko wasu magungunan damuwa. Gwaje-gwajen ba su da wuya. A gwajin Schirmer, wanda ake yi tun 1903, ana lanƙwasa bakin wata siririyar takarda a rataya ta a fatar ido ta ƙasa, mutum ya rufe ido minti biyar, sannan a auna tsawon inda hawaye ya jiƙa: ƙasa da milimita 10 abin dubawa ne, ƙasa da 5 kuwa bushewa ce sosai. A wani gwajin ana ɗiga rini a ce kada mutum ya ƙifta, likita yana ƙirga daƙiƙoƙi har ya ga hawayen ya tsage, kuma ƙasa da daƙiƙa 10 yana nuna hawayen ba ya jurewa. Sannan a danna bakin fatar ido a ga abin da matsatsan mai za su fitar, ko mai garau kamar man zaitun, ko farin abu mai kauri kamar man goge baki, ko ma ba komai. A ra'ayina, duk asibitin da ya sa wa mutum ranar tiyata ba tare da ya duba waɗannan ba bai cancanci a miƙa masa ido ba, komai kyan na'urorinsa. Wanda aka samu da matsala a yi masa magani tukuna, a sake aunawa, domin busasshen ido yana ma ɓata awon da za a ɗora wa na'urar leza.

Bayan tiyata, tubalin farko shi ne hawayen roba marar sinadarin hana lalacewa, irin wanda ke zuwa a 'yan ƙananan robobi da ake karya wa baki a yi amfani da su a yar. Sinadarin da aka fi sawa a manyan kwalabe, benzalkonium chloride, ɗan'uwan sabulu ne, yana narkar da man hawaye yana kuma lahanta fuskar koniya, kuma ƙa'idar da likitoci suka saba bi ita ce duk mai ɗigawa fiye da sau huɗu a rana ya guje shi. A makonnin farko ana iya buƙatar ɗigawa kowace sa'a ɗaya ko biyu, a riƙa ragewa sannu a hankali. Masu ɗauke da hyaluronate sun fi daɗewa a ido, masu ɗan mai a ciki sun fi dacewa da wanda matsatsansa suka toshe, masu kauri kuma a bar su sai lokacin kwanciya kuma da izinin likita. Idan akwai magani fiye da ɗaya a bar minti biyar tsakaninsu don kada na biyu ya wanke na farko. Bakin robar kada ya taɓa ido ko gashin ido ko yatsa. Tsabtar abin da ake ɗigawa ba ƙaramin al'amari ba ce: a 2023 wani gurɓataccen hawayen roba da aka sayar a Amurka ya harbi mutum 81 da wata ƙwayar cuta mai bijire wa magani, huɗu suka rasu, wasu suka makance. Idan haka ta faru a inda ake da tsauraran matakan sa ido, to wanda yake sayen maganin ido a kan tire a kasuwa, wanda rana ta gasa shi tun safe, ya san irin cacar da yake yi da idonsa.

Idan matsatsan mai ne suka toshe, ko an ɗiga kwalba goma ruwan zai tashi a iska cikin mintuna. Maganinsu ɗumi ne. Man da ya daskare yana narkewa idan fatar ido ta kai zafin kimanin digiri 40 ta kuma tsaya a haka minti biyar zuwa goma. Tsumman da aka tsoma a ruwan zafi yakan huce kafin minti biyu, sai dai a riƙa sake tsomawa, shi ya sa 'yar jakar da ake ɗumamawa ta fi amfani. Bayan gashin sai a shafa fatar a hankali zuwa wajen gashin ido, a goge bakinta da tsaftataccen auduga. Amma wanda aka yi wa LASIK kada ya fara wannan, kada kuma ya danna ko ya murza idonsa, sai likita ya tabbatar masa murfin ya zauna, domin murza ido a kwanakin farko yana iya gusar da murfin ko ya tattare shi. A nan ne maganar kwalli take shigowa. Kwalli ana zizara shi ne daidai kan layin da bakunan matsatsan suke, kuma na gargajiya da ake niƙawa daga dutse yana ɗauke da dalma. Barinsa a makonnin farko wajibi ne, kuma mai fama da bushewa gara ta haƙura da shi har ido ya daidaita.

Bushewar da ta daɗe tana haifar da kumburi, kumburin kuma ya ƙara lalata hawaye, abu ya zama zagaye. Don karya wannan zagaye ake ba da ɗigon cyclosporine, wanda aka amince da shi a Amurka da sunan Restasis a ƙarshen 2002, ko lifitegrast da ya fito a 2016. Cyclosporine yana da halaye biyu da ke sa mutane su watsar da shi: yana da raɗaɗi a farko, kuma amfaninsa ba ya bayyana sai bayan wata ɗaya zuwa uku. Wanda ba a gaya masa haka ba zai daina a mako na biyu ya ce ba ya aiki. Domin cike wannan giɓi likita yakan haɗa da ɗigon sitiroyid na 'yan makonni. Wannan magani yana kwantar da ido nan take, kuma a nan haɗarinsa yake, domin a garuruwanmu ana samunsa a kemis ba tare da takardar likita ba, mutum ya ji daɗinsa ya ci gaba da saye wata da watanni. Sitiroyid yana ɗaga matsin cikin ido a wani kaso na mutane har ya kai ga hawan jinin ido, yana kawo yanar ido, yana kuma buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna hawan jinin ido ne na biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido, kuma makantarsa ba ta da gyara. Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne koniyar da aka sassaƙa ta yi siriri, don haka na'urar awon matsin ido takan nuna lamba ƙasa da ta gaskiya. Duk wanda aka yi wa leza ya wajaba ya faɗa wa kowane likitan ido da zai duba shi har ƙarshen rayuwarsa. Magungunan da ake tallatawa don faranta jan ido su ma a nisance su, suna matse jijiyoyin jini ne kawai, jan ya dawo fiye da da.

Idan waɗannan ba su wadatar ba, akwai matakai na gaba. A kusurwar ido ta wajen hanci akwai 'yar ƙofa a kowace fata wadda hawaye ke bi ya gangara hanci, ana iya toshe ta da ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, mai narkewa da kansa ko na dindindin, don hawayen da ake da shi ya daɗe. Ana fara kwantar da kumburi kafin a toshe, in ba haka ba an tare gurɓataccen ruwa ne a kan ido. Akwai kuma ɗigon da ake haɗawa daga jinin mutum kansa: a ɗebi jini, a juya shi a na'ura, a kwashe ruwan saman, a sirka shi, galibi zuwa kashi 20 cikin ɗari. Yana ɗauke da sinadaran da ke taimaka wa jijiya ta tsiro, abin da babu hawayen robar da ke da shi, sai dai dole ya zauna a firji, ajiyarsa kuma a daskare, wanda hakan babban ƙalubale ne a inda wuta ba ta tsayawa. Man kifi da ake yawan ba da shawararsa kuwa hujjarsa ba ta da ƙarfi: wani babban bincike da aka buga a 2018 a kan mutum 535 masu bushewar ido bai ga ya fi man zaitun da aka gwada shi da shi ba.

Yanayin da mutum zai koma bayan tiyata yana da nauyin da likitan da ke wata ƙasa ba lallai ya yi la'akari da shi ba. Mutanenmu da dama suna yin wannan tiyata a Masar ko Indiya ko Dubai ko Turkiyya, ko a Legas da Abuja, su hau jirgi bayan 'yan kwanaki, a cikin iskar jirgi wadda ita ma busasshiya ce ƙwarai, su sauka Kano ko Sakkwato ko Damagaram. Idan hunturu ne, danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ga ƙura mai laushi da ke shiga ko'ina, leɓe ma tsagewa yake yi balle idon da jijiyarsa ba ta aiki. Wanda yake da zaɓi, ina ganin ya fi masa ya sa tiyatarsa a farkon damina, ya samu watanni huɗu ko biyar na laima kafin iskar Nuwamba ta taso. Wanda kuma hunturu ya riske shi, ya sa tabarau mai rufe gefe duk lokacin da zai fita, musamman a kan babur, ya kawar da fanka daga saitin fuskarsa da dare, ya juya iskar mota zuwa ƙafafunsa, ya nisanci hayaƙin murhu da na turaren wuta. Kallon waya da kwamfuta yana rage ƙiftawa da rabi ko fiye, kuma yawancin ƙiftawar da ake yi a lokacin ba ta cika rufe ido, don haka a sauke allon ƙasa da saitin ido, a riƙa ɗaga kai a rufe ido sosai lokaci zuwa lokaci. Wajen alwala a makon farko ko biyu, a wanke fuska ido a rufe ba tare da ruwa ya shiga ba, domin ruwan famfo da na rijiya suna ɗauke da ƙwayoyin da idan suka shiga ƙarƙashin murfin koniya fitar da su aiki ne ja.

Azumi ma yana buƙatar shiri. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta sanya ɗigon ido cikin abubuwan da ba sa karya azumi matuƙar an guji haɗiye abin da ya kai maƙogwaro, a mazhabar Malikiyya kuwa, wadda mafi yawanmu muke bi, abin da ya isa maƙogwaro ta ido yana wajabta ramuwa. Hukunci na malamai ne, su za a tambaya. Abin da likitanci zai iya ƙarawa shi ne idan mutum ya ɗiga magani ya rufe ido ya danna kusurwar da ke jikin hanci da ɗan yatsa na minti biyu, a hankali ba tare da ya taɓa ƙwayar idon ba, ya toshe hanyar da maganin ke bi ya gangara, maganin ya fi daɗewa a ido, ɗacinsa kuma ya ragu a maƙogwaro. Mafi sauƙi dai shi ne kada a sa tiyata gab da watan Ramadan, don kada mutum ya tsinci kansa yana barin idonsa ba ɗigo daga asuba zuwa magariba a lokacin da ya fi buƙata.

Sauran rukunin da ya fi ba ni tausayi, wato waɗanda ciwonsu ya wuce bushewa. A wasu 'yan kaɗan jijiyoyin da aka datse suna tsirowa a karkace, su yi ƙulli a bakinsu, su riƙa aika saƙon zafi ba tare da dalili ba. Mutum zai ce idonsa yana ci kamar an zuba barkono, iska kaɗan ko hasken waya yana sa shi kuka, likita ya duba ya ga hawaye isasshe, koniya garau, sai a fara ce masa tunani ne ko raki. Ciwon na gaske ne, ciwon jijiya ne, kuma yana da hanyar ganewa: a ɗiga maganin kashe zafi a asibiti, idan zafin ya ɗauke to matsalar tana fuskar ido, idan bai ɗauke ba ta riga ta haura zuwa hanyoyin jijiya na ciki. Na farko yakan amsa ɗigon jini da wani babban gilashin mannawa mai riƙe ruwa a kan koniya, na biyu kuwa yana buƙatar magungunan ciwon jijiya na sha da haɗin gwiwar likitan ido da na jijiya, da kuma kula da halin zuciyar mai jinya, domin ciwon da ba ya ɗagawa kuma ba a yarda da shi yana kai mutum ga ƙuncin da ba a so. Iyalan irin wannan mutum su yarda da abin da yake faɗa, su taimaka masa ya isa wurin ƙwararren likitan koniya da wuri, tun kafin ciwon ya kafu. Maganin kashe zafin da aka yi gwajin da shi kuma ba na kai wa gida ba ne, yawan ɗiga shi yana narkar da koniya.

Dole kuma a bambance bushewa da abin da ya fi ta gaggawa. Bushewa takan taɓa ido biyu, tana tafiya tana dawowa, tana sauƙi bayan ɗigo ko ƙiftawa. Zafin da ke ƙaruwa a ido ɗaya, ko gani ya faɗi bai dawo da ƙiftawa ba, ko farin ɗigo a kan baƙin ido, ko kwantsa mai ruwan ɗorawa, ko bugu a ido a makonnin farko, duk waɗannan na ganin likita ne a ranar, ba tare da an tsaya gwada ruwan suga ko nono ko tofi a cikin ido ba. Saboda irin wannan rana, wanda zai yi tiyata nesa da gida ya fara samun likitan ido a kusa da shi wanda ya amince zai riƙa duba shi, ko a cibiyar ido ta ƙasa da ke Kaduna, ko a asibitocin ido na Kano, ko a asibitin koyarwa mafi kusa. Kafin ya baro inda aka yi masa aikin ya karɓi rahoto a rubuce mai ɗauke da irin tiyatar, da lambar tabaransa ta da, da awon lanƙwasar koniya da kaurinta kafin aiki da bayansa, da sunayen magungunan da aka ɗora shi a kai da ranar da zai daina kowanne. Ya sayo hawayen roba marar sinadarin hana lalacewa wanda zai ishe shi aƙalla wata uku, domin ba a kowane kemis ake samunsa ba. Rahoton kuma ya adana shi tare da takardun gida, saboda idan shekaru suka ja yanar ido ta zo, da waɗannan alƙaluma likita zai lissafa ƙarfin gilashin da zai dasa masa.